Dattijo, Injin da Ya Sha Man Jikinsa Ya Mutu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama a naɗe cikin bandeji, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk kafintan da ya taɓa sayen katako a wurinmu, rasuwar Dattijo, injin dizal mai juya zarton masana'antarmu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa, a kan gadonsa na kankare, bayan shekara talatin da huɗu yana ciyar da gidanmu. Ba na roƙa masa gafara, don ƙarfe ba shi da zunubi. Mai zunubin shi ne mai wannan sanarwa.

Marigayin ya fara rayuwa a cikin wata babbar mota da ta kife a hanya. Mahaifina ya sayi injin, ya gina masa ɗan ɗaki a bayan rumfar yanka, ya huda bango ya zura bel har zuwa zarto. Shi ya raɗa masa suna Dattijo, saboda ba ya yin komai da gaggawa. Da safe sai ya yi tari sau biyu, kuhu, kuhu, kamar mai neman izinin magana, sannan ya kama dum-dum-dum ɗinsa har yamma. Bai taɓa ƙin tashi don sanyi ba. An sha ba shi gurɓataccen mai, ya shanye, ya yi ɗan gunaguni, ya ci gaba da aiki. Mu bakwai ya yi wa makaranta, kuma shi ya yanka rufin ɗakin da nake kwana a ciki.

Ɗakin mahaifina bango ɗaya ne da na marigayin. Shekara uku ke nan da ɓarin jikin mahaifin nawa ya shanye, ya bar mini masana'anta, ya kwanta. Maganarsa ta yi nauyi, amma kunnensa garau. Kofin ruwan da ke kan tagarsa kullum yana ɗan rawa da bugun injin, shi kuma daga kwance yakan gane irin icen da ke kan zarto. In ya ji abin da bai yi masa ba, sai ya ɗauki sandarsa da hannu mai lafiya ya ƙwanƙwasa bango. Abin da ya rage masa na aikin ke nan, kuma da bugun injin yake sanin cewa gari ya waye.

Akwai wani katako da ya kamata masu makoki su san labarinsa. Ɗan faifai ne mai tauri, bai fi girman tire ba, an buga masa roba a fuska ɗaya, yana rataye a ƙusa kusa da bakin da injin ke shan iska. Tun ina yaro nake ganinsa, ban taɓa ganin an yi komai da shi ba. Na taɓa tambayar mahaifina amfaninsa.

"Wannan ba a taɓa shi," ya ce.

"To na mene ne, Baba?"

"Allah ya sa kada ka sani."

Bara na so allon da zan rubuta lambar wayata a ƙofar masana'anta. Na duba, na ga katako mai kyau yana zaman banza. Na sauke shi, na ɓamɓare robar, na shafa masa farin fenti, na kafe shi a ƙofa da ƙusa huɗu. Har yaba rubutun aka yi.

Rashin lafiyar ta fara ne wata huɗu da suka wuce. Marigayin ya soma shan baƙin mai fiye da ƙa'ida, hayaƙinsa ya koma shuɗi-shuɗi. Bakanikenmu na tsallaken titi ya zo ya saurare shi, ya ce ringin fistin, wato zobban da ke tare mai a cikinsa, sun cinye, sai an buɗe shi, aikin kwana uku ne. Na ce a bari mu gama katakon rufin da ke gabanmu. Muka gama, wani aikin ya shigo. Ni kuwa na ɗauki dabarar mai jinyar da ba shi da magani sai abinci: kullum na ga mai ya ragu in ƙara, in kuma ɗora masa ɗan ƙari saboda ƙauna. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda man ke zuwa ba.

Mako guda cur mahaifina yana ƙwanƙwasa bango kowace safiya. Nakan leƙa ta taga in ce, "Lafiyarsa lau, Baba, tsufa ne kawai," in koma bakin aiki kafin ya gama haɗa kalmarsa ta farko. Jiran maganarsa yana cin lokaci, ni kuma ina ganin ba ni da shi.

Ranar Talata na juye masa galan guda na baƙin mai ban ko duba gejin da ke nuna yawansa ba. Ya yi tarinsa sau biyu, ya kama aiki. Muna tsakiyar yanka wani gungume sai muryarsa ta canza. Dum-dum-dum ya koma dududududu, daga nan ya zama wani dogon ihu da ban taɓa jin irinsa daga bakinsa ba. Na ruga ɗakin na rage wuta, bai saurare ni ba. Na kashe makulli na zare. Ga makulli a tafin hannuna, ga inji yana ƙara hawa. Na rufe famfon dizal. Ko a jikinsa. Hayaƙi ya cika ɗakin har ba na ganin ƙafata, bel ya tsinke ya daki rufi, ma'aikata suka watse zuwa titi. A cikin wannan ƙara duka ina jin sandar mahaifina a bango, ba ƙaƙƙautawa.

Bakanike ya shigo a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Toshe masa iska! Iska! Ina katakon tsoho?"

A nan na san amfaninsa.

Masana'anta cike take da katako, amma tsakanin bakin iskar da bango yatsu huɗu ne kawai, kuma mahaifina ya fiƙe nasa daidai wurin. Guntayen da muka raruma, wani ya yi kauri, wani ya yi kaɗan. Na tuɓe rigata na cusa, ya zuƙe ta kamar ba a ba shi komai ba. Na ruga ƙofa na kama allon da hannun dama ina ja har ya tsaga mini tafi, ƙusa huɗun nan da na buga da kyau suna riƙe da shi. Ƙusa ta uku ke fita na ji ƙara ɗaya, gam, ƙasa ta girgiza. Sai shiru. Sandar da ke bugun bango ita ma ta tsaya.

Bakanike ya duba gawar washegari. Sandar fistin ta fasa cikin injin ta fito, ta bar rami da dunƙulen hannu zai shige. Bakaniken ya yi mini bayani a hankali, ba tare da ya kalle ni ba. Ringin da suka cinye sun bar iska tana tura baƙin mai sama, ni kuma na cika ciki har ya yi ambaliya, man ya bi ta bututu ya faɗa hanyar iska. Injin dizal ba ruwansa da irin man da ya samu, in dai zai ci wuta. Daga lokacin da ya ɗanɗana man jikinsa, makulli da famfo sun tashi daga aiki. Abu ɗaya ke tsayar da shi, a hana shi numfashi. Da katakon na kan ƙusarsa, in ji shi, da ko minti ɗaya ba za a yi ba.

Marigayin ya bar zarto guda da ba shi da mai juya shi, da bel a gida biyu, da batir mai sauran ƙarfi, da rabin duro na dizal wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya bar ma'aikata huɗu da iyalansu. Ya bar kofi a kan taga, ruwan cikinsa a tsaye cak. Ya bar tsoho ɗaya a bayan bango.

Kwana biyu ban iya shiga ɗakin tsohon ba. Na sa maiɗakina ta ce masa ana yi wa injin gyara, kamar mutumin da ke jin bambancin ice da ice ta bango bai ji abin da unguwa duka ta ji ba. Jiya na ɗauki allon na shiga, na durƙusa a gefen gado, na shirya wa zagi, har ma ina fatansa. Ya karɓa da hannu mai lafiya. Ya kalli lambar wayar. Ya juya bayan, ya bi ramukan ƙusoshin robar da babban yatsansa, ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon na jira har ya haɗa maganarsa.

"Laifina ne," ya ce. "Da na faɗa maka."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da sarƙa da motarsu, kuma an roƙe su kada su sa guduma a kansa sai sun bar layinmu. Za a bi da shi ta gaban tagar mahaifina, wanda ya ce a jingina shi da matashi ya gani. Ana karɓar gaisuwa a rumfar yanka, akwai benci, akwai kuma shirun da ba mu saba da shi ba. Masu zuwa kada su nemi allon ƙofa, an mayar da shi kan ƙusarsa.

Za a ɗora sandar mahaifina a kan marigayin su tafi tare. Shi ya miƙo mini ita da kansa. Ya ce ba sauran abin da zai ƙwanƙwasa wa.

Mai sanarwa: babban ɗansa, wanda ya sauke katakon.