Rasuwar Mujallar da Aka Ce Ba Ta Mutuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da takaici, Ladan Mai Zuma na Kakangi, mazaunin Birnin Gwari a yanzu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wata mujallar masana da ke zaune a intanet. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya. Akuyarsa ma ta fi ta tsawon rai.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, a cikinta aka ajiye sunayen itatuwa da saiwoyi ɗari da arba'in na dajin nan, da Hausa da Gbagyi, da amfanin kowanne. Damina biyu Ladan da amininsa Micah na Kusasu suka yi suna yawo da wata Dakta Mercy, suna kai ta gaban tsofaffi bakwai, tana rubutawa. Yau duk bakwai ɗin sun kwanta dama, dajin kuwa sai mai bindiga ke shigarsa.

A faɗi alherin mamaci: ba ta da rowa. Malami da manomi, kowa ya buɗe ta kyauta. Ba ta da surutu, iyakar muryarta ɗan "ƙit" ɗin da waya ke yi in an taɓa ta.

Ranar sallama, Ladan ya roƙi Dakta ta buga masa kwafi goma a takarda. Ta ba shi ɗaya tana dariya, ta ce, "Baba, takarda gara ke ci. Wannan tana sama, har jikokin jikokinka." Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fataucin zuma ba a taɓa sayar masa da ruwan sukari ba, sai ga shi ya haɗiye wannan. Ya sa aka rubuta masa adireshin mujallar, ya kai wa baduku ya ɗinke a fata, ya ɗaura a dantse. Ranar da 'yan bindiga suka shiga Kakangi, ya bar takardar ta ƙone da ɗakin, ya gudu da laya yana murna ya tsira da dukiya.

Ciwon ajali ya bayyana watan jiya. Micah ya fara mantuwa, kuma shi kaɗai ya rage mai sunayen Gbagyi a ka. Saliha 'yar Ladan ta farke layar, ta shigar da adireshin a waya. Abu ya yi ta juyi kamar jaki a turke. Da ƙofa ta buɗe, sai ga tallar cacar ƙwallo a gidan marigayiya. Tir!

An kira Dakta. Ta ce masu kula da mujallar sun watse, kowa na zaton wani ya adana, nata kuma ya tafi da tsohuwar kwamfuta. Masana goma sha biyu ke kula da ita, digiri kamar ƙasa, amma babu wanda ya san abin da kowace tsohuwa a Kutemeshi ta sani: ba a zuba iri duka a rumbu ɗaya.

Marigayiyar ta bar farkakkiyar laya, da marayun rubuce-rubucen da suka ambace ta, masu nuna gidan uwar da babu ita, da Micah, wanda ke tunawa da safe ya manta da rana.

Babu gawa, don haka babu wanka. Za a binne layar ranar Asabar a bayan gidan Ladan. Zaman makoki kwana bakwai ne, a ƙofar Micah. Kada a kawo goro ko hatsi. Kowa ya zo da sunan itace ɗaya da ya ji a bakin kakarsa. Saliha za ta rubuta da biro a littafi uku: ɗaya wurin liman, ɗaya wurin fasto, ɗaya a gwangwani. Mai shawarar a sake ɗorawa a intanet, bismillah, amma ya fara kwafar na huɗu da hannunsa.

A zo da hantsi. Micah ba ya kai azahar.