Alhaji Jatau Ya Zo da Cutarsa a Rubuce

"Salamu alaikum, ina Daktora? Ko wannan 'yar mitsitsiyar ce aka bar wa kujera?"

Duha ta ɗago kai daga takardar da take cikewa. Watanta huɗu ke nan tana duba marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin unguwa a Umdurman, kuma yau ne karon farko da kakanta Alhaji Jatau ya tako wurin. Tsohon ya yi ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a gonakin Jazira, yanzu kuma kayan yaji yake sayarwa a kasuwa. Ya bi layi kamar kowa, sai da aka kira lambarsa.

"Wa alaikumus salam. Angona, wa ya sauko da kai daga raksha, keken nan mai ƙafa uku? Ko ɗauko ka aka yi kamar buhun barkono?"

"Da ƙafata na zo, marar kunya. Ni da na yi miki wankan jego da kuɗin citta."

"Uwata aka yi wa wankan. Zauna kafin ka faɗi a ce ni na ture ka."

Ya zauna a hankali yana dafe da tebur. Ta lura da hakan. Ya ciro wata takarda a ninke daga aljihun jallabiya ya ajiye.

"Ba dubawa na zo ki yi ba, amarya. An riga an duba ni. Sa hannu kawai za ki yi."

"Wa ya duba ka?"

"Intanet. Jafaru tela, maƙwabcin shagona, shi ya rubuta mata. Jiri in na miƙe, duhu a ido, kwana biyar. Kafin in kurɓi shayi ta ba da amsa. Ke kuwa shekara shida kika yi kina cinye mana littattafai."

Duha ta buɗe takardar. An rubuta da Larabci: ƙari a ƙwaƙwalwa.

"Ma sha Allah! Ashe kana da ƙwaƙwalwar. Mu a gida mun daɗe muna gardama a kai."

"Yi dariyarki. Na riga na gaya wa Goggonki inda za a sa ni. Kusa da mahaifina."

Ya faɗi wannan yana murmushi, amma yana ta jan carbi da sauri. Ta jawo kujerarta kusa, ta naɗe masa hannun riga, ta ɗaura abin awon jini.

"Intanet ɗin ta tambaye ka abin da kake sha?"

"Ita ba ta da gulma irin taki."

"Ni ina da ita. Ƙwayar hawan jini da aka rubuta maka, kana sha?"

"Kullum. Ban taɓa tsallakewa ba."

"Sai me kuma?"

Ya kalli fanka.

"Kaka."

"Zoɓorodo ne kawai. An turo saƙo a waya, wani mai farin gemu ya ce yana wanke jijiya."

"Kofi nawa?"

"Wa yake ƙirga kofi? Buta ɗaya da safe, ɗaya bayan la'asar."

Ta auna shi a zaune, ta sa ya miƙe ta sake aunawa tana riƙe da kafaɗarsa. Ta haska idonsa, ta sa ya bi yatsanta da kallo, ya taka daga bango zuwa ƙofa. Sannan ta sauke numfashi.

"Ango, ban ga alamar abin da Jafaru ya ɗinka maka ba. Jininka ne ya sauka ƙasa. Ƙwaya tana ja, zoɓorodo yana ja, ga zafin rana, kai kuma ba ka shan ruwa. Ka ajiye butar nan, ka riƙa miƙewa a hankali. Ran Alhamis ka dawo in sake aunawa, in jirin bai tafi ba mu yi hoto."

"Wato ba zan mutu ba?"

"Za ka mutu mana, amma ba a layina ba. Sai ka ga aurena tukuna."

"Auren wa? Ni na sake ki?"

"Tsoho mai haƙori uku? Ai ni na kai ƙara."

"Huɗu ne! Ƙirga da kyau, ke da aka ce kin yi karatu."

Ya fashe da dariya har da tari, ya goge ido da gefen rawani. Ya miƙe, wannan karon a hankali kamar yadda ta ce, ya buɗe ƙofa ya leƙa wurin masu jira.

"Jama'a, wannan da ke ciki jikata ce! Ni na tsinci auduga, ita ta sa farar riga. Duk wanda wayarsa ta kashe shi, ya shigo a tashe shi."

"Kaka, rufe min ƙofa, asibiti ne!"

Ya dawo ya ajiye 'yar kwalbar turaren sandal a gabanta.

"Na ban kwana na sayo miki jiya," in ji shi. "Tunda kin hana ni tafiya, riƙe shi a matsayin toshi. Kin ci, Daktora."