Hoton Riɗin Surukina

Kwana uku ina yi wa ma'aikatan gonar surukina a Simsim lacca kan sabuwar kyamarata, wadda ruwa ba ya yi mata komai. Rana ta huɗu, an kakkaɓe riɗi an tara, sai ga ruwan ƙarshen damina. Aka ja tamfol a rufe riɗin, aka damƙa mini gefe ɗaya.

"Ustaz, riƙe nan kawai," in ji surukina.

Ni kuwa na ga ranar gwaji ta zo. Na saki, na ɗaga kyamara. Iska ta yaye tamfol, riɗin ya jiƙe sharkaf. 

Hoton ya fito tas. Surukina ya sa aka wanke shi, har yau yana nuna wa baƙi: "Aikin mijin 'yata ne. Ganin ƙarshe da na yi wa riɗina a bushe ke nan."