Faya-fayan Baba a Kan Lodin Doya

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai faya-fayan Babanmu Bawku, bikin 'yar ƙanena Salisu.

Da Baba ya rasu, ni aka bar wa akwatin faya-fayan waƙa da ya tara zamanin yana fataucin goro. Salisu kuma ya ɗauki garmahon da ake sa su a ciki, wani ƙaton abu mai ƙafafu kamar kabad. Ni ina Salaga ina harkar doya, shi yana Bawku yana harkar shanu. Wannan rabo bai dame ni ba kamar yadda Mma, mahaifiyarmu, ta tattara ta koma gidansa. (Wai can ƙafarta ta fi yi mata sauƙi. A Bawku fa!) Duk wayar da zan yi mata, Salisu ya sa mata tayil a daɓen ɗaki, Salisu ya saya mata fanka. Ni da nake zaɓo mata doyar da ta fi kowace duk shekara, abin da nake samu shi ne, "Ta iso." Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, irin wanda ke sa tuwo ya tsaya wa mutum a wuya.

Ana nan sai wani mutumin Kumasi mai bin gidaje yana sayen tsofaffin kaya ya ji labarin akwatin. Ya zo ya ɗaga faifai ɗaya, ya hure ƙura, ya ce, "Alhaji, wannan abu zinariya ne. Ka saida mini duka." (Ban je Hajji ba, amma ban gyara masa ba.) Na shiga juya maganar. In na riƙe, ƙura ce za ta ci gaba da ci. In na sayar, garmahon Salisu ya zama teburin ajiye flas har abada, kuma wallahi wannan ne ya fi yi mini daɗi a cinikin.

Saura ƙiris in sallama sai ga wayar Salisu.

"Yaya, Mma ce ke son jin faifan mai gogen nan da Baba yake sa mata. Ta ce ranar bikin take so, tun kunnenta yana ji. Na sa an gyara garmaho. Zan turo mota mai sanyi a ɗauko faya-fayan."

Wato a ɗauki kayana a motarsa, a sa a garmahonsa, a tsakar gidansa, a sa masa albarka. Na ce, "Bar motarka, da hannuna zan kawo."

"To Yaya, a tsaye ake jera su fa, kuma ban da rana."

Na ce yaushe aka haife shi da zai koya mini lodi?

Mu 'yan doya doka ɗaya muka sani: abin da ba ka so ya fashe, sama yake zama. Dama ina da lodin da za shi Bawku. Na fitar da faya-fayan daga akwati na zuba a buhu, na kwantar a can ƙololuwar doya, aka ja baƙin tamfol aka ɗaure da roba tamau. Har na ja da baya na yaba wa kaina.

Muna shiga Yendi motar ta yi tari ta tsaya. Direba ya sauko ya ce, "Massa, lori ya mutu, sai fitta ya zo," wato makaniki. Lokacin bazara ne, rana kamar ta taɓa ka. Na samu inuwa na zauna ina cin wagashi, cukun nan na nono, ina bitar jawabin da zan yi gaban Mma. Motar kuwa tana tsakiyar fili, ko sau ɗaya ban ɗaga kai na kalli tamfol ba.

Sai da rana ta faɗi aka gyara motar, muka isa Bawku cikin dare. Washegari gidan Salisu ya cika, dangin ango daga Garu, ƙawayen Mma daga Pusiga. Aka fito da garmaho tsakar gida, aka sa wa Mma kujera kusa da shi. Na karɓi lasifika na yi gyaran murya. Na ce a gado wani katako yake samu, wani kuma murya. (Eh, na faɗa. Akwai shaidu.) Sannan na kwance buhu.

Ko ɗaya babu wanda yake a miƙe. Duk sun lanƙwashe sun ɗauki siffar doyar da suka kwanta a kai, kamar murfin tukunyar da mota ta taka. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na lalubo na mai gogen na ɗora, na sa allura. Allura ta shiga hawa da gangara, goge ya yi wani kuka, mawaƙin ya ja murya sama ya sako ta ƙasa kamar akuyar da aka ɗaure a rana. Wata tsohuwa daga Pusiga ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi! Mai waƙan ba shi da lafiya ne?" Gida ya ɗauki dariya, har amarya a cikin lulluɓi kafaɗarta na rawa.

Mma ba ta yi dariya ba. Ta miƙo hannu, Salisu ya cire faifan ya ba ta. Ta goge shi da bakin mayafi, ta ɗora a cinya ta daɗe tana shafawa. Na so ƙasa ta tsage.

"Ku bar shi," in ji ta. "Tun yana ƙarami, in na goya Salisu sai ya fara ɗingishi, wai shi ma a goya shi. Ga furfura a gemu, ɗingishin bai sake shi ba."

Mun gwada sauran bayan an watse, babu wanda ya yi waƙa. Mma ba ta ji gogenta ba, kuma ba za ta ji ba. Mutumin Kumasi da na kwatanta masa ta waya cewa ya yi, "Malam, ka riƙe kayanka." Har sunan Alhajin da ya ba ni ya janye.

Abin da na koya shi ne, in kishin ƙaninka ya taso, ka yi shi a ɗakinka ka rufe ƙofa, kada ka yi masa lodi ka kai gaban surukai. Har yau in na kira Mma, kafin ta tambayi iyali sai ta ce, "Yaya ƙafar?"