Ango a Bayan Bijimai

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin aurena ba, kuma ba don daɗi ba.

Yayana ya zo daga Kaduna da wata mota mai aiki da lantarki, wadda ya saya ta hannu. Ni kuwa na nace sai a cikinta zan ɗauki Baba Alhaji, ƙanin mahaifin amarya kuma waliyyinta, daga Funtuwa zuwa Ƙarfi. Dattijo ne mai tsare gida, tun farko bai cika na'am da ni ba, na ce yau zan burge shi.

Yaya ya gargaɗe ni. Ya ce ya saita ta yadda ba ta wuce kashi tamanin a caji, don cikawa fal na kashe batir. Ya ce batirin ma ya tsufa, kada in yarda da nisan da take nunawa. Na ce, "Yaya, Ƙarfi ce fa, ba Legas ba." (Da dare kuma an ɗauke wuta, ko tamanin ɗin ba ta kai ba. Ban gaya wa kowa ba.)

Muka kama hanya, na ƙure sanyin mota. Baba Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ikon Allah, ko tari ba ta yi."

Muna wuce Bakori na ga lambar cajin tana zubewa kamar an huda buhun gero. Na kashe sanyi, na sauke gilashi.

"Lafiya?"

"Baba, iskar Allah ta fi lafiya."

Sai ya hau fifita da gefen babbar riga. Na rage gudu har masu babur ɗauke da buhunan masara suna wuce mu suna waiwaye. Ni dai lissafina ɗaya: in babu waliyyi, babu aure. Zufa ta jiƙa min sabuwar shadda. Sai ga hoton kunkuru, alamar caji ya kusa ƙarewa, ya fito a gaban sitiyari.

"Wannan dabbar fa?"

"Ado ne, Baba."

"To, adon nan ya fi mu sauri. Shiga gidan mai mana."

A nan na faɗi gaskiya: motar ba ta shan mai, caji kuma ya kusa ƙarewa. Ya dube ni, ya dubi agogo, ya fara salati.

Muna hango hasumiyar masallacin Ƙarfi motar ta mutu. Duk babur ɗin da ya wuce cike yake da masallata. Wani manomi mai amalanken shanu ya tsaya, ya tausaya, ya ɗaura mana igiya. Baba Alhaji ya fita ya hau amalanke, ya ce, "Gara wanda na san abin da yake ci."

Haka muka shiga gari ana fitowa daga Juma'a: bijimai a gaba, waliyyi a tsakiya, ango a baya riƙe da sitiyari. Abokaina suka ɗaga wayoyi. Maroƙi ya buɗe baki zai yi min kirari, dariya ta ƙwace masa.

An ɗaura auren, alhamdu lillahi. Amma da liman ya tambayi waliyyi ko ya bayar, sai da ya juyo ya ƙare min kallo kafin ya ce, "Na ba shi. Amma amarya a motar haya za a kai ta."

Tun daga ranar na gane cewa mai son burge suruki ya yi da abin da ya san kansa. Gaisuwa ma ta isa, ita ba ta mutuwa a hanya.