Ranar da Na Nutse da Kwalekwalen Baba Tsoho

Ba zan taɓa mantawa da warin ranar nan ba: sabon fenti, kwalta, da ɗan warin kashin kaji da ya ƙi fita duk wankin da na yi. Har yau in na wuce inda ake fenti sai na ji kunya ta taso min tun daga tafin ƙafa.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, mutumin bakin Binuwai ne, aikin masaƙa ya kawo shi Kaduna. Ya kasa rabuwa da ruwa, sai ya sayi kwalekwalen katako yana kamun kifi duk Asabar. Da ya rasu aka kife kwalekwalen a bayan gidanmu na unguwar Romi, ya shekara goma sha ɗaya kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsa.

Wata Lahadi bayan coci, Kawu Bitrus, yayan Mamana, ya ce a faskara shi.

"Kirsimeti ta matso, ga itacen dafa shinkafa yana kwance a banza."

Ni kuwa lokacin na gama jami'a, ina zaman gida ina rubuta waƙoƙi (babu mai karantawa sai ni). Na miƙe na yi jawabi. Na ce wannan ba katako ba ne, numfashin Baba Tsoho ne ya rage mana.

"To, Farfesa," in ji Kawu, "numfashin yana iyo? Na ba ki wata guda. In ya ɗauke ki a kan ruwa, ya tsira. In ya ƙi, gatarina na nan."

Kaka, matar marigayin, tana gefe tana ɓare gyaɗa.

Na yi aiki, wannan kam ko Kawu ya shaida. Na kankare, na toshe ramukan da idona ya gani da tsumma da kwalta, na shafa shuɗin fenti, na rubuta sunan Baba Tsoho a gefe. Sannan na shanya shi a rana sati biyu cur, don na karanta cewa laima ce ke kashe katako.

Ranar Asabar da safe muka loda shi a akori-kura zuwa bakin kogi. Dangi sun zo, har da matan zumuntar cocin su Mama, don ni da kaina na gayyace su. Na sa farar doguwar riga, na riƙe takardar waƙar da zan karanta a tsakiyar ruwa.

Wani dattijo masunci yana zaune yana ɗinkin taru. Ya dubi kwalekwalen, ya dube ni.

"'Yata, yaushe rabonsa da ruwa?"

"Shekara sha ɗaya, Baba."

"To ki bar shi ya kwana uku a ciki tukuna. Katakon ya sha, ya kumbura, tsagogin su haɗe."

Na yi masa murmushin masu digiri. "Baba, ai ruwa ne ke ruɓar da katako."

(Mutumin da ya tsufa a cikin ruwa nake yi wa darasi. Ku bar ni kawai.)

Ya ce, "To, Allah ya kiyaye," ya koma kan tarunsa.

Aka tura ni. Kwalekwalen ya tafi luu, iska na kaɗa min riga, mata suka ɗauki waƙar yabo. Na buɗe takarda na fara karantawa. A baiti na biyu na ji sanyi a ƙafafuna, na ɗauka shauƙi ne. A baiti na uku takalmina ɗaya ya wuce ta gabana yana iyo. Ruwa ke shigowa ta kowane haɗin katako, a hankali, cikin ladabi, kamar baƙon da ya san gidan.

Na saki takarda na ƙanƙame gefen jirgin. "Yesu, ka cece ni! Mama, ban iya iyo ba!"

Daga bakin gaɓa na ji muryar Kawu, ko ɗaga ta bai yi ba.

"Farfesa, miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan bai wuce gwiwata ba. Rani ne, kogin ya ja.

Waƙar yabo ta watse. Mai ba da waƙa ta durƙusa tana riƙe da ciki. Kaka kuwa dariya take har ɗankwalinta ya faɗi, tana share hawaye da bakin zane. Haka na tako na fito da takalmi ɗaya, farar riga ta koma kalar kunu.

Muka bar kwalekwalen a nutse, don babu wanda ke da ƙarfin ja saboda dariya. Kawu ya ce Laraba zai zo da gatari.

Laraba na bi shi, in yi ban kwana. Muka tarar da dattijon nan ya kwashe ruwan da ƙwarya, yana zaune cikin jirgin, ƙafarsa a bushe.

"Ya sha ya ƙoshi," in ji shi. "Ku shigo."

Kawu ya daɗe yana kallon sunan da ke gefe. Sai ya ajiye gatari a kan yashi, ya naɗe wando. Muka je tsallake muka dawo, ko ɗigo bai shiga ba. Yanzu duk wanda ya zo gidanmu sai Kawu ya ba shi labarin "jirgin babana da muka gyara". Muka, wai.

Abin da na koya shi ne, in tsoho mai taru ya yi magana a bakin kogi, in ninke digirina in sa a jaka. Kuma in auna zurfin ruwa kafin in kira sunan Yesu da ƙarfi.

Sai bayan shekara biyu, ina yi wa Kaka tsifa, ta faɗa min ta san maganar jiƙa katako tun farko. Ashe ranar da Baba Tsoho ya fara ɗaukarta a jirgin nan, shi ma bai jiƙa shi ba. Sun nutse a wurin nan dai, ita da sabon zanenta.

"Kaka, shi ne kika yi shiru kina ɓare gyaɗa?"

Ta ce, "'Yar nan, so nake in sake gani."