Rasuwar Saƙaƙƙen Tiyon Birki a Gangaren Bayan Kasuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa a ɗaure, man birki bai ko gama bushewa a wandona ba, nake sanar da 'yan uwana masu kai saƙo a babur da sauran abokan arziki rasuwar tiyon birkin gaba na babur ɗina. Ya cika yau da hantsi a gangaren bayan kasuwa, yana tsakiyar aiki, ina matse da hannun birki ina roƙonsa. Ya tafi da ƙuruciyarsa, ko wata bai rufa ba.

Marigayin ba tiyon roba ba ne irin na kan tebur. Saƙaƙƙe ne, an lulluɓe shi da zaren ƙarfe kamar kitso, kuma don babur ɗina kaɗai aka yanka shi. Na robar da ya gada ya tsufa har yana kumbura, in ka kama birki kamar soso kake matsawa. Ni na zaɓi marigayin da kaina: baƙar riga, kan sama miƙaƙƙe, kan ƙasa mai lanƙwasa don ya kwanta daidai a wajen taya. Bakanike ya ɗaura shi da sababbin washa na jan ƙarfe, ya zuba mai, muka yi ta matsawa muna saki har iskar ciki ta fice tas. Daga ranar, yatsa biyu sun isa. Ba ya gardama, ba ya yoyo. Duk maganarsa a duniya "cik" ce, babur ya tsaya.

Ciwon ajalinsa kuwa da shi aka haife shi. Ranar awo, ƙafar da ake jingine babur a karye take, sai ƙanin matata, wanda unguwa ke kira Buhu saboda dalilin da ido ke gani, ya haye ya zauna don ya riƙe mana. "Ku auna, na danne muku shi," in ji shi. Ya kuwa danne. Shokozoba ta nutse, aka ja igiya daga hannun birki zuwa taya, kan babur a miƙe, aka yanke, aka aika wa masu haɗawa. Babu wanda ya tuna cewa in Buhu ya sauka gaban babur zai ɗago, balle a juya kan hagu da dama a ga ko tsawon zai kai. Da tiyon ya iso ya zauna ɗas babu rara, har muna yabon kyansa. Ashe a shaƙe yake, bawan Allah.

Ya yi jinyarsa a ɓoye. Duk sanda na karya kwana sai in ji wata siririyar "ƙiiit", ban kawo komai ba. Yau, da kwalin kaya a baya, tayar gaba ta faɗa rami ta yi sama, shokozoba ta miƙe iya miƙewarta, na ji "ɗau!" Kalmarsa ta ƙarshe ke nan. Hannun birki ya taho fanko har ya haɗe da yatsuna. Na taka na baya, taya ta ja ƙasa, gangare ya ce bai san zancen ba. Abin da na iya tunawa shi ne gilashin wani shago yana tahowa, da sababbin firji a jere a bayansa. Mutane suka kwaso mu a a-kori-kura zuwa gida, ni da babur.

Ya rasu ya bar hannun birki, wanda har yanzu lilo yake yi, da noti biyu, da rabin gwangwanin mai. Ya bar babur ɗin kansa kwance a zaure, gaba a karkace, rai kwakwai mutu kwakwai. Wannan babur shi ne cinmu, shi ne shanmu. In bai tashi ba, tukunya ba za ta hau wuta a gidan nan ba. Ya kuma bar Buhu, wanda ya zo jaje ya ce ai ƙaddara ce. Yayarsa ta dube shi ta ce, "Ƙaddara mai tumbi ko? Ɗaga min kujerar nan kafin ita ma a rubuta mata sanarwa."

Za a yi wa marigayin sutura gobe da safe a garejin bakanike. Za a naɗe shi a tsumman mai, a raka shi zuwa baron 'yan gwangwan. Ana roƙon masu zuwa su taho a ƙafa, in kuma sai da babur, su murɗa kansa hagu da dama su dubi nasu tiyon kafin su taso.

Ana karɓar gaisuwa a zaure, kusa da majinyacin. Na farko ma ya riga ya iso: wani mutum da ban taɓa gani ba, filasta a goshi, hoton firji a ƙirjin rigarsa, ƙarti biyu da igiya a bayansa. Bai tambayi mamaci ba, bai ce min sannu ba. Ya tsaya a kan babur, ya sa ƙafa ya taɓa tayar baya, ya juya wajen ƙartin.

"Injin da sauransa, zai rage mana asarar gilashin shago. Ku ɗaga."